Hanyoyi Huɗu da Mawaƙin Rok Ke Bi Ya Shiga Wasan Daɓe: Wacce Ta Dace da Wa?

A daren 13 ga Yunin 2010, lokacin da aka taru a birnin New York domin raba lambobin yabo na Tony, waɗanda babu kamarsu a harkar wasan daɓe ta Amurka, wasanni huɗu ne suka yi takarar zama gwarzon wasan waƙa na shekara. Akwai American Idiot, wanda aka gina a kan faifan ƙungiyar Green Day. Akwai Million Dollar Quartet, wanda ya tattaro tsofaffin waƙoƙin su Elvis Presley da Johnny Cash. Akwai Fela!, labarin Fela Kuti da waƙoƙinsa, wanda daga baya aka kawo shi Legas a 2011. Na huɗun shi ne Memphis, wanda David Bryan, mai kaɗa wa ƙungiyar Bon Jovi piyano, ya tsara wa kiɗa. Memphis ne ya tafi da kambun, duk da cewa a cikin waɗannan sunaye na Bryan ne bai kai sauran tashe ba, kuma shi kaɗai ne a cikin huɗun aka rubuta wa waƙoƙinsa musamman domin labarin.

Wannan dare ya nuna halin mutanen Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta New York, da na Landan game da mawaƙan rok. Suna son jama'ar da mawaƙin zai jawo musu, amma ba sa ba shi girma sai sun ga ya sunkuyar da kai ya koyi sana'arsu. Saboda haka mawaƙin da ya kai matsayin da ake yi masa tayin wasan daɓe, ko manajansa, ko wanda ake neman ya zuba jari, yana tsaye ne a mararrabar hanyoyi huɗu: a ɗinka labari a kan tsofaffin waƙoƙinsa, ko a mayar da faifansa guda wasa, ko ya zauna ya rubuta sababbin waƙoƙi, ko kuma ya hau dandamalin da kansa.

Ma'aunin da za a auna da shi

Na farko shi ne kuɗi. A Broadway akwai gidajen wasa 41, kuma babban wasan waƙa kan lashe sama da dala miliyan goma tun kafin a sayar da tikitin farko, ban da albashin 'yan wasa da makaɗa da hayar gida da ake biya kowane mako. Abin da masu harkar ke yawan faɗa shi ne, kusan ɗaya cikin biyar ne ke mayar da uwar kuɗi.

Na biyu shi ne ƙarko, wato tsawon lokacin da wasan zai ɗauka ana nuna shi, da kuma ko zai rayu idan mai waƙoƙin ba ya wurin. Wasa ana nuna shi sau takwas a mako, saboda haka wanda aka nuna sau 400 ya yi shekara guda ke nan.

Na uku shi ne sauƙi, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Waƙar rok takan kama yanayi guda, fushi ko bege ko kaɗaici, ta yi ta nanata shi a amshi har ta ƙare, kuma mai saurare ba ya damuwa idan ganga ta danne rabin kalmomin, domin zai sake ji gobe. Waƙar daɓe kuwa aiki aka ba ta: dole ɗan wasa ya fara ta yana kan ra'ayi guda ya ƙare ta ya sauya, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji kowace kalma a karo ɗaya. Waƙar da ba ta tura labari gaba ba, komai daɗinta, darakta zai cire ta a makonnin gwaji, mawaƙin da ya saba shi ne wuƙa shi ne nama a ɗakin naɗar sauti yana kallo.

Na huɗu shi ne haɗari, ga aljihu da kuma ga suna. Na ƙara da na biyar, karɓuwa, domin alƙalai uku ne a nan kuma ba safai bakinsu ke zuwa ɗaya ba: masu sharhi a jaridu, masu raba lambobin yabo, da masu sayen tikiti.

Hanya ta farko: ɗinka labari a kan tsofaffin waƙoƙi

Ga mawaƙin, babu hanyar da ta kai wannan sauƙi. Waƙoƙin suna nan, jama'a sun haddace su, abin da ya rage masa shi ne ya ba da izini ya riƙa karɓar kasonsa. Kuɗin shirya wasan bai ragu ba, amma masu jari sun fi saurin buɗe bakin jaka, domin an riga an yi musu rabin talla.

Babban misali shi ne We Will Rock You, wanda Ben Elton ya rubuta a kan waƙoƙin ƙungiyar Queen. An buɗe shi a gidan wasa na Dominion da ke Landan a watan Mayun 2002, kuma masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, suna cewa labarin, na wata duniya ta gaba da aka haramta kayan kiɗa a cikinta, hujja ce kawai ta jero waƙoƙi. Jama'a ba su saurare su ba. Wasan ya yi shekara 12 a gida ɗaya, sai a watan Mayun 2014 aka rufe shi. Haka Rock of Ages, wanda ya tattaro waƙoƙin shekarun 1980, an nuna shi sama da sau 2,300 a Broadway tsakanin 2009 da 2015.

Sai dai wanda ya kalli waɗannan biyun kaɗai, kallon kitse yake yi wa rogo. Tsakanin 2005 da 2006 wasanni irin wannan sun yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Lennon, a kan waƙoƙin John Lennon, sau 49 aka nuna shi. Na Bob Dylan, wanda Twyla Tharp ta shirya a 2006, sau 28 kacal, alhali ita ce ta yi Movin' Out da waƙoƙin Billy Joel a 2002 aka nuna shi fiye da sau dubu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a 2017 marubuci Conor McPherson ya koma ga taskar waƙoƙin Dylan ɗin nan, ya rubuta labarin wani gidan haya a garin Duluth a shekarar 1934, ya zaɓi waƙoƙin da ba su ne suka fi tashe ba, aka rage musu sauri da ƙara, kuma Girl from the North Country ya sami yabon da wancan bai samu ba. Taskar ɗaya ce, marubucin ne ya bambanta.

Akwai reshe na wannan hanya da ya fi samun mutunci, wato a ba da tarihin mawaƙan kansu, ta yadda waƙa za ta shigo a inda ta shigo a rayuwarsu ba tare da an tilasta mata ba. Jersey Boys, tarihin ƙungiyar The Four Seasons, ya ci lambar Tony ta gwarzon wasa a 2006 ya kuma kai har 2017, Sunny Afternoon na ƙungiyar The Kinks kuwa ya ci lambobin Olivier, takwarorin Tony a Landan, har huɗu a 2015. Farashin wannan reshe shi ne sirri: tarihin da aka wanke tas ba ya jan kowa, wanda ya faɗi gaskiya kuma yakan taɓa iyali da tsofaffin abokan aiki. A kowane hali, mawaƙin ya cire rai da lambar Tony ta tsara waƙa, domin ƙa'idarta ita ce waƙoƙin su zama an yi su ne saboda daɓe.

Hanya ta biyu: mayar da faifai guda wasa

Wannan tana buƙatar abin da mawaƙa kaɗan ne ke da shi, wato faifan da tun asali yake ɗauke da labari daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe. Ƙungiyar The Who ta fitar da Tommy a 1969, labarin yaron da firgici ya mayar kurma, bebe, makaho. Sai a 1993 ya isa Broadway, bayan Pete Townshend, marubucin waƙoƙin ƙungiyar, ya zauna da darakta Des McAnuff sun cike guraben labarin, sun gwada shi a La Jolla da ke Kalifoniya, ya kuma rubuta sabuwar waƙa. An nuna shi sau 899, ya ci lambobin Tony biyar, ciki har da ta tsara waƙa da Townshend ya raba da wasu. Amma wasu daga cikin tsofaffin masoyan faifan sun ji haushi, domin an tausasa ƙarshen labarin aka mayar da shi sulhun iyali. Haɗarin wannan hanya ke nan: mutanen daɓe na iya cewa labari ya yi ƙaranci, masoyan rok kuma su ce an cire wa waƙoƙinsu haƙori.

American Idiot ya ɗauki ɗaya gefen. Darakta Michael Mayer ya bar faifan 2004 kusan yadda yake, da ƙararsa da fushinsa, maganganu kaɗan ne tsakanin waƙoƙi. An buɗe shi a watan Afrilun 2010, aka rufe bayan shekara guda, an nuna shi sau 422, kuma lambobin Tony biyu da ya samu na tsara dandamali ne da na haske. Duk lokacin da Billie Joe Armstrong, jagoran ƙungiyar, ya shiga cikin 'yan wasa, ciniki yakan yi sama, idan ya tafi kuma ya sauko. Ga mai jari wannan alama ce da ya kamata ya lura da ita, domin tana nufin mutumin ake zuwa gani.

Akwai kuma karo da dokokin gida. David Byrne na ƙungiyar Talking Heads ya kai Here Lies Love, labarin Imelda Marcos ta Filifin, Broadway a 2023, bayan ya fito a faifai a 2010 kuma ya yi nasara a ƙaramin gidan wasa a 2013. An tumɓuke kujerun ƙasa aka mayar da wurin filin rawa, 'yan kallo suna tsaye ana zagayawa da su, abin da ya kai kuɗin shirin kimanin dala miliyan 22. Byrne ya so a yi amfani da kiɗan da aka naɗa, ƙungiyar makaɗan New York ta ce ba ta san zance ba, domin yarjejeniyar gidan ta tanadi makaɗa 19, daga ƙarshe aka daidaita a kan 12. An buɗe a Yuli, aka rufe a Nuwamba.

Hanya ta uku: rubuta sababbin waƙoƙi

A nan ne girman yake, a nan ne kuma aka fi yin asarar da ake ba da labarinta. Aikin kan ci shekaru, babu tsohuwar waƙar da za ta tallata shi, kuma mawaƙin ya zama ma'aikaci ɗaya cikin masu yawa. Abin da zai samu a madadin haka ba ƙarami ba ne: a harkar daɓe, saɓanin fina-finan Hollywood, marubuci da mai tsara waƙa su ne ke riƙe da haƙƙin mallakar aikinsu, don haka duk inda aka sake nuna wasan, ko a makaranta ne, kasonsu na nan.

Paul Simon ya shiga a 1998 da The Capeman, labarin Salvador Agron, matashin da ya kashe yara biyu a New York a 1959. Ya ɗauko marubuci Derek Walcott, mai lambar Nobel ta adabi, suka rubuta tare, amma ya riƙe ragamar komai, aka yi ta sauya daraktoci, ya kuma yi kalamai a jaridu da mutanen Broadway suka ɗauka raini ne. Iyalan mamatan sun nuna ɓacin ransu, masu sharhi suka yaba kiɗan suka soki wasan, aka nuna shi sau 68, dala miliyan 11 suka bi ruwa.

Na Bono da The Edge na ƙungiyar U2 ya fi muni. Spider-Man: Turn Off the Dark ya ci kimanin dala miliyan 75, adadin da Broadway ba ta taɓa gani ba. An yi nunin gwaji sau 182 kafin a buɗe a watan Yunin 2011, 'yan wasa sun ji raunuka, ɗaya ya faɗo daga sama a gaban jama'a a watan Disambar 2010, aka kuma sallami darakta Julie Taymor. A wani ɓangare na makonnin gwajin mawaƙan biyu suna can suna rangadin ƙungiyarsu a wata nahiya. Wasan ya kai Janairun 2014 kuma mutane sun shiga sosai, amma kuɗin tafiyar da shi kowane mako ya yi yawan da kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Sting, tsohon jagoran ƙungiyar The Police, bai yi girman kai ba, bai kuma yi sakaci ba, duk da haka bai tsira ba, shi ya sa nake ganin labarinsa ya fi na sauran tsoratarwa. The Last Ship ya samo asali ne daga garinsu Wallsend a arewacin Ingila, inda ya tashi yana ganin ana ƙera jiragen ruwa a ƙarshen layinsu. An yaba waƙoƙin, har aka sa shi takarar Tony, amma 'yan yawon buɗe ido da ke cika kujerun Broadway ba su ga dalilin biyan kuɗi su kalli labarin ma'aikatan da aka rufe wa masana'anta ba. Ya shiga wasan da kansa a Disambar 2014, ciniki ya ɗaga, amma a Janairun 2015 aka rufe bayan nuni 105, da jarin dala miliyan 15.

Waɗanda suka ci riba a wannan hanya suna da hali guda: sun yarda wani ya riƙe labarin, su kuma suka yi masa hidima. Elton John ya ci Tony da Aida a 2000, Billy Elliot da ya tsara wa kiɗa kuma ya kwashe lambobi goma a 2009, amma shi ma Lestat ya kife da shi a 2006 bayan nuni 39. Cyndi Lauper ta zama mace ta farko da ta ci lambar tsara waƙa ita kaɗai a 2013 da Kinky Boots, wanda ya mayar da jarinsa na dala miliyan 13.5 cikin kimanin mako 30 ya kuma kai 2019.

Hanya ta huɗu: hawa dandamali da kanka

Bruce Springsteen ya kama gidan wasa na Walter Kerr, mai kujeru ƙasa da dubu, a Oktoban 2017. Babu 'yan rawa, babu ƙungiyar makaɗa: shi ne da jita da piyano, yana ba da labarin mahaifinsa da garinsu yana waƙa, matarsa Patti Scialfa tana fitowa su yi waƙa biyu. Tikiti ya kama daga dala 75 zuwa 850. Ya yi nuni 236 zuwa Disambar 2018, aka tara sama da dala miliyan 110, aka kuma ba shi lambar Tony ta musamman. Kuɗin shiri kaɗan ne, haɗarin aljihu kusan babu, kuma mutanen daɓe ba sa jin an shigar musu gona domin baƙo ne da zai tafi. Illarta ita ce ba ta da magaji. Ranar da muryar mutumin ta dushe babu mai maye gurbinsa, ranar da ya gaji kuma wasan ya ƙare.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi ga mawaƙi | Haɗari | Karɓuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsofaffin waƙoƙi | Mai yawa, amma jari na saurin samuwa | Ko shekara goma ko mako shida | Mafi sauƙi | Na aljihun masu jari ne | Jama'a sun fi masu sharhi so |
| Faifai guda | Mai yawa | Wata huɗu zuwa shekara biyu a misalan da ke sama | Matsakaici | Ɓata wa tsofaffin masoya rai | Rabi da rabi |
| Sababbin waƙoƙi | Mafi yawa, da shekarun aiki | Mafi daɗewa idan ya karɓu | Mafi wuya | Ga kuɗi da suna duka | Mafi daraja |
| Hawa da kai | Mafi ƙanƙanta | Iyakar ƙarfin mutum | Sauƙin shiri, wahalar jiki | Kaɗan | Maraba irin ta baƙo |

Wacce ta dace da wa

Mawaƙin da ke da waƙoƙi ashirin da kowa ya sani, ko magadan da ke kula da dukiyar wanda ya rasu, kuma burinsu kuɗin shiga ne ba lambar yabo ba, hanya ta farko ce tasu. Shawarata gare su ita ce su ɓata lokacinsu wajen zaɓen marubuci fiye da wajen cinikin kaso, su kuma yarda ya ajiye wasu daga cikin waƙoƙin da suka fi tashe idan labarin bai nemi su ba.

Wanda ke da faifai mai labari, ya gwada hanya ta biyu, amma ya fara a gidan wasa na wani gari kamar yadda aka yi wa Tommy a La Jolla da American Idiot a Berkeley, kuma ya yanke shawara tun farko waɗanne 'yan kallo zai fifita, domin da wuya ya gamsar da ɓangarorin biyu. Mai jari a irin wannan ya tambayi abu guda kafin ya sa hannu: shin lissafin zai fita a makonnin da tauraron ba ya kan dandamali?

Wanda sunansa kaɗai ke cika gida, yana da labarin da zai iya bayarwa da bakinsa, kuma ba ya son wani ya taɓa masa waƙa, ya ɗauki ta huɗu ya huta da rigima da darakta.

Hanya ta uku ta wanda zai iya ajiye rangadi ne ya zauna a ɗakin gwaji watanni, ya ga an jefar da waƙar da ya fi so ya koma ya rubuta wata kafin wayewar gari. Abin lura shi ne, ba sai babban tauraro ba, sau da yawa ma ƙaramin suna ya fi amfani domin ba a zuba masa ido. Duncan Sheik ya shafe kusan shekara bakwai yana gyaran Spring Awakening, aka fara nuna shi a ƙaramin gida a 2006 kafin ya haye Broadway ya ci lambobin Tony takwas a 2007. Will Butler, tsohon ɗan ƙungiyar Arcade Fire, bai ma nemi cikakken wasan waƙa ba: ya rubuta waƙoƙin da wata ƙungiyar rok ta ƙage take naɗa a cikin Stereophonic, wasan zube, wato wanda ba na waƙa ba, na David Adjmi, wanda aka fara a ƙaramin gida a 2023, aka sa shi takarar Tony sau 13 a 2024, ya kuma ci biyar.